Batir ya mutu, gubarsa na nan: Abin da Gaya za ta koya daga Dakar da Zamfara

Ranar da batir ya daina riƙe wuta, mai shi kan ce ya mutu, ya jingine shi bayan ɗaki. A wurin ɗan gwangwan kuwa, ranar ce ya zama kuɗi. Fiye da rabin nauyin batirin mota dalma ce, ita kuwa dalma ba ta kwantai. Ana narka ta a sayar wa masu ƙera sabon batir, ko masuncin da ke neman abin da zai nauyaya bakin birginsa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: me ke faruwa da filin da aka yi shekaru ana fasa batura a kansa, bayan masu sana'ar sun kwashe kayansu sun yi gaba?

Tambayar ta shafi Gaya kai tsaye. Gayar jihar Doso nake nufi, ba ta Kano ba. Garin na bakin kogin Isa, gada ce kawai tsakaninsa da Malanville ta Jamhuriyar Benin, ga kuma Kamba ta jihar Kebbi nan kusa. Shekara da shekaru ta nan manyan motoci suka riƙa bi da kayan da Nijar ke saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, kuma kowace tirela da manyan batura biyu take tafiya. Ka haɗa da baburan 'yan kabu-kabu, sannan ka haɗa da sola. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar, ba a janye takunkumin ba sai a farkon 2024. Duk mai ɗan hali ya nemi faifan sola da batir, wasu da kuɗinsu, wasu da abin da ɗan uwa ya aiko daga ci-rani. Batirin dalma ba ya jure zafi, 'yan shekaru kaɗan yake yi a irin yanayinmu. Waɗanda aka saya a rububin wancan lokaci, yanzu ne suke bin sahun na motoci zuwa hannun masu saye da kilo.

Yadda ake yi da su a mafi yawan garuruwan Afirka ta Yamma iri ɗaya ne. A sa gatari ko adda a fasa robar, a tsiyaye ruwan batirin a ƙasa, a zaro farantan. Dalma na narkewa a zafin digiri 327, wato garwashin gawayi da zuga-zugi sun isa, ba a buƙatar wata masana'anta. Amma ba ƙarfen da aka narka ne babban abin tsoro ba. A jikin farantan akwai wani laka-laka, baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa, wanda shi ma dalma ne da ya haɗu da wasu sinadarai. Idan ya bushe sai ya zama gari mai laushi kamar toka, ya gauraya da yashi, ido ba ya bambance su. Ba ya ruɓewa, rana ba ta cinye shi, ruwan sama sai dai ya matsar da shi zuwa wani wurin.

Unguwar da ta binne yara 18

Wanda yake son ganin ƙarshen irin wannan fili, ya dubi Ngagne Diaw, wata unguwa ta Thiaroye-sur-Mer a gefen birnin Dakar na Senegal. Unguwar masunta ce, kuma labarinta ya fara ne da abin da kowane ɗan bakin kogi ya sani: maƙera na fasa tsofaffin batura suna zuba dalmar da ake ɗaura wa raga. Tun wajen 1995 ake wannan sana'a a wurin, dattin yana taruwa cikin yashi.

A 2007 farashin dalma ya tashi a kasuwar duniya, 'yan kasuwa suka shigo suna saye. Sai mutanen unguwar, galibi mata, suka gane cewa ƙasar da suke takawa ma kuɗi ce. Suka shiga haƙa, suna cika buhuna, suna kai wa gida, suna tankaɗewa don tsince ɓurɓushin ƙarfen, jarirai na goye a baya, masu rarrafe na wasa a gefe. Daga Nuwamban 2007 zuwa Maris na 2008, yara ƙanana 18 suka mutu, kusan duk da alamu iri ɗaya: amai, jijjiga, suma.

Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigo ta gwada 'yan uwan mamatan da iyayensu mata, abin da ta gani ya wuce hankali. A ma'aunin da likitoci ke amfani da shi, wato yawan maikirogiram na dalma a desilita ɗaya na jini, 5 ma ya isa a fara neman inda gubar ke fitowa, 45 kuma ya isa a sa yaro a magani. A Ngagne Diaw an samu yaron da ya haura 600. Ƙasar unguwar kuwa, akwai inda aka auna miligiram 302,000 a kilo ɗaya. Idan ka ɗebi kilo guda na wannan ƙasa, kusan sulusinsa dalma ne. Ma'aunin da Amurka ta daɗe tana amfani da shi ga wurin da yara ke wasa shi ne miligiram 400.

Gwamnatin Senegal ta fara da kwashe ƙasar da ta fi gurɓata, ta zuba sabon yashi. Bai wadatar ba, domin ƙurar ta riga ta shiga ɗakuna, ta kwanta a katifu da labule da tsagar bango. Sai da aka dawo tare da ƙungiyar Blacksmith Institute, wadda yanzu ake kira Pure Earth, aka sake haƙa, aka bi gida-gida ana sharewa da wankewa, kafin jinin yaran ya fara sauka yadda ake so. Abin lura a nan shi ne, yawancin dalmar da ta kashe yaran ba ta batirin ranar ba ce. Tsohuwa ce, ta shekaru goma sha wani abu, tana kwance tana jira.

Yadda aka kankare ƙauyuka takwas

Ba sai mun je bakin teku ba. A ƙasar Hausa aka yi ɗaya daga cikin manyan ayyukan kwashe dalma da aka taɓa yi a Afirka, duk da cewa can ba batir ne ya jawo ba, dutsen zinare ne. A Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda aka fi sani da Na Gari Na Kowa, ta lura da yawan mutuwar yara a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. An yi ta ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, an yi zaton sanƙarau, ba a ga sauƙi ba. Mazauna ƙauyukan sun ce tun kafin nan agwagi suka fara mutuwa, amma ba wanda ya kawo komai a ransa. Da masana daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka yi ƙidaya a ƙauyuka biyu, sun tarar cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Jimillar waɗanda suka mutu a jihar ta haura 400.

Dalilin shi ne dutsen da ake haƙowa cike yake da dalma, kuma a cikin gidaje ake daka shi, ana niƙa shi da injin niƙan hatsi, ana shanya shi a tsakar gida. Tushen ya bambanta da na Dakar, amma hanyar da gubar ta bi ɗaya ce: daga ƙura zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa hannun yaro, daga hannu zuwa baki. Shi ya sa aikin da aka yi a Zamfara ya zama abin koyi ga duk wani tsohon wurin fasa batir.

Wanda ya ji an ce gyaran muhalli, zai ɗauka wasu manyan injuna ne. A gaskiya fartanya ce da shebur da buhu da baro. Na'ura ɗaya ce mai tsada a aikin, wata 'yar ƙarama da ake riƙewa a hannu kamar bindiga, a ɗora bakinta a ƙasa, cikin ƙasa da minti guda ta nuna yawan dalmar da ke wurin. Masana na kamfanin TerraGraphics daga jihar Idaho ta Amurka, waɗanda suka goge a gyaran tsohon wurin narka dalma na Bunker Hill, su suka tsara aikin tare da ma'aikatar muhalli ta Zamfara, amma mutanen ƙauyukan ne suka yi shi da hannunsu.

Ana fara zana taswirar kowane gida: tsakar gida, ɗakuna, madafa, turken awaki, bakin rijiya. A auna ko'ina. Inda awon ya yi yawa, a fitar da kayan gidan gaba ɗaya, a kankare saman ƙasar na 'yan santimita, domin dalma ba ta cika nitsewa can ƙasa ba, a sama-sama take zama. A sake aunawa. Idan har yanzu da saura, a ƙara kankara. Sannan a kawo ƙasa mai tsabta daga wani wurin da aka riga aka gwada, a shimfiɗa, a daddaɓe. Ƙasar da aka kwashe a zuba ta a buhuna, a kai wani rami da aka haƙa musamman a bayan gari, a binne, a rufe. Kududdufan da aka wanke dutse a cikinsu su ma sai an yashe su. Masarautu kuma suka ba da umarnin fitar da daka da niƙa daga cikin gari, domin idan ba a toshe inda gubar ke shigowa ba, aikin ya zama zuba ruwa a kwando.

A 2010 da 2011 aka gyara Dareta da Yargalma da Abare da Tungar Guru da Sunke da Tungar Daji da Duza. Aka kammala da Bagega a 2013. Lissafin da masu aikin suka wallafa daga baya ya nuna an kwashe ƙasa da datti fiye da mita 27,000 na murabba'in tsawo da faɗi da zurfi, daga gidaje da wuraren aiki 820. Dalmar da ke ƙasa ta ragu da kashi 89 cikin 100. Matsakaicin awon jinin yara kafin a ba su magani ya sauko daga 149 zuwa 15 cikin shekara huɗu.

Me ya sa likita ke jiran mai shebur

A nan ne, a ganina, ainihin darasin yake, kuma shi ne wanda ya fi wahalar karɓa ga uwar da ɗanta ke kwance. Akwai maganin da ke kama dalmar da ke jini ya fitar da ita ta fitsari. Amma likitocin MSF sun tsaya kan cewa ba za su sa yaro a cikakken magani ba alhali zai koma gidan da ba a gyara ba, sai dai wanda rayuwarsa ke cikin haɗari a take. Ba rashin tausayi ba ne. Yaron da aka wanke wa jini yau, ya koma rarrafe a kan ƙasar jiya, cikin 'yan makonni zai dawo inda yake. Ƙasar ake fara yi wa magani, sannan yaron.

Bagega ta nuna abin da hakan ke nufi idan kuɗi suka maƙale. Ita ce mafi girma cikin ƙauyukan, da yara kusan 1,500 da ke jiran magani. Gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin naira miliyan 850 a 2012, amma kuɗin suka ƙi fitowa. Likitoci na nan, magani na nan, ba damar farawa. Sai da ƙungiyar Human Rights Watch da wasu matasa masu bin diddigin kuɗin gwamnati, cikinsu har da Hamzat Lawal na Follow The Money, suka tayar da ƙura a Twitter da Facebook, sannan gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin a Janairun 2013. Yaran Bagega sun yi kusan shekara uku suna shaƙar abin da kowa ya riga ya san guba ne. Ko da aka gama, ba a rabu da bukar ba: a 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka mutu. MSF ba ta miƙa aikin Zamfara ga hukumomin jihar ba sai a farkon 2022.

Maganin ma yana da iyaka. Yana hana mutuwa, yana rage abin da ke jini, amma ɓarnar da dalma ta yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa. Jikin ƙaramin yaro na zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke zuƙa, wanda ke fama da ƙarancin jini ko tamowa kuma ya fi kowa zuƙa. Abin da bai fita ba yana taruwa a ƙashi na shekaru masu yawa. Yarinyar da ta sha ƙurar tana 'yar shekara uku, ranar da ta yi ciki dalmar na iya fitowa daga ƙashinta ta isa ga ɗan tayi. Mafi yawan yaran da gubar ta taɓa ba sa jijjiga, ba sa suma. Sai dai a ga yaro ba ya riƙe karatu, ba ya zama wuri ɗaya, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Rahoton da UNICEF da Pure Earth suka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kusan miliyan 800, na da awon 5 ko fiye a jininsa, kuma ya sa fasa batura ba bisa ƙa'ida ba a sahun gaba na dalilai.

Filin da ka aiko a saya maka

Mu dawo Gaya. Garuruwanmu na faɗaɗa ne ta hanyar haɗiye bayan gari. Inda ake gareji ko bola shekaru goma sha biyar da suka wuce, yau an yanka shi fuloti. Ɗan ci-rani na Kwatano ko Legas ko Faransa ya aiko da kuɗi, a nuna masa hoton fili a WhatsApp, a kafa tubali. Yana tambayar takarda, yana tambayar ko ruwa na kwanciya a wurin da damina. Ba ya tambayar wace sana'a aka yi a kansa. Tsofaffin unguwa sun san amsar, kuma tambayarsu ba ta cin ko dala. Fasassun robobin batir da ke leƙowa daga ƙasa, guntayen dattin narki masu nauyi, wurin da ciyawa ta ƙi fitowa saboda ruwan batir ya ƙone shi, duk alamu ne da ya kamata su sa mutum ya dakata.

Idan an riga an zauna a wurin, abin da aka koya daga Zamfara yana da amfani tun kafin hukuma ta zo. Shara da busasshiyar tsintsiya tayar da ƙurar take yi, gara a yayyafa ruwa a goge da tsumma. Daɓe tsakar gida da siminti, ko rufe ta da sabuwar ƙasa mai kauri, na raba hannun yaro da gubar. Mai sana'ar batir ya bar kayan aikinsa da takalmansa a wurin aiki, ya yi wanka kafin ya ɗauki ɗansa. Kuskure mafi muni shi ne na mai kyakkyawar niyya, wanda zai kira mai amalanke ya kwashe ƙasar ya kai wa wani ya yi ciko, ko a buga bulo da ita. Guba ba ta tafi ba, adireshi kawai ta canza.

Ta fuskar doka, batirin dalma da ya mutu yana cikin dattin da yarjejeniyar Basel ta 1989 ta ɗauka mai haɗari, wanda ba a ƙetara iyaka da shi sai da izinin ƙasashen biyu. Nijar na cikin wannan yarjejeniya, tana kuma cikin ta Bamako ta 1991. Najeriya ta fitar da dokoki na musamman kan batura a 2024, ƙarƙashin hukumar NESREA. Sai dai wanda ya san yadda kaya ke ratsa tsakanin Gaya da Kamba da Malanville, musamman tun da aka rufe gadar mutane suka koma kwale-kwale, ya san tazarar da ke tsakanin takarda da bakin kogi. Kuma tura batirin kudu ba ya nufin ya faɗa hannu na gari. A Nuwamban 2025 jaridar New York Times da kafar bincike ta The Examination sun wallafa rahoto kan garin Ogijo na jihar Ogun, inda masana'antun narka batura ke sayar da dalma har zuwa Amurka. Cikin mutum 70 da aka gwada, bakwai cikin kowane goma na da dalma a jini a matakin da ke cutarwa. Hukumomi sun rufe wasu daga cikin masana'antun.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da gari irin Gaya, wadda ƙauyukan Anka ba su fuskanta sosai ba. Gaya na yankin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, ga kogi da fadamu da lambuna, ga ambaliyar da ke zuwa a shekarun da ruwa ya yi yawa. A Zamfara rabin aikin shi ne samun inda za a binne ƙasar da aka kankare. A Gaya dole ramin ya kasance a kan tudu, nesa da rijiyoyi da gonakin shinkafa, inda ruwan damina ba zai tone shi ya mayar da abin da ke ciki kogi ba, kuma dole a rubuta wurin a littafin filaye na magajin gari, don kada a wayi gari nan da shekara ashirin an yanka shi fuloti shi ma.